Kyautar Kamfani Ga Makaranta: Darasi Daga Birnin Kano

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyi da dama sun aiko da tambaya iri ɗaya. Suna ji a rediyo cewa kamfani kaza ya gina aji, kamfani kaza ya raba kwamfuta ga 'yan makaranta, suna so su san yadda su ma za su samu. Darasinmu na wannan wata a kan wannan batu yake. Magatakarda ya karanta wa jama'a a hankali, ya tsaya inda akwai lissafi domin kowa ya bi.

Dalilin da ya sa maganar ta dame mu a fili yake. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a da fensir da takarda, sai da kwamfuta. Yaron da ubansa ya sayar da buhunan masara ya kai shi ƙarshen sakandare, in bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, rabin lokacinsa zai tafi wajen neman inda zai danna. Yana iya sanin amsa sarai, ya fāɗi. Asarar kuwa ta gida duka ce.

Za mu ɗauki misalinmu daga cikin birnin Kano, watau unguwannin da ke cikin ganuwa. Yawancinmu mutanen karkara ne, wani zai ce me ya haɗa mu da birni? Ga abin da ya haɗa mu. Da wuya a sami wani wuri a Afirka da ya fid da manyan 'yan kasuwa kamar waɗannan lunguna. In muka ga iyakar abin da kyautar attajiri ta iya yi a ƙofar gidansa, za mu san abin da ya kamata mu sa rai a kai a namu ƙauye.

KUƊIN GYAƊA

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai ga auduga, amma manoman ƙasar Kano suka yi lissafinsu suka zaɓi gyaɗa. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, fatauci ne na goro ya fara da shi. Daga 1918 ya shiga sayen gyaɗa yana kai wa kamfanin Turawa, har ya zama babu kamarsa a dukiya kafin rasuwarsa a 1955. Ɗansa Aminu Dantata, wanda ya rasu a 2025, ya yi firamare a Dala, sa'an nan ya ƙarasa karatu a wata makaranta da uban ya gina da kuɗinsa. Wannan al'ada ce ta birni tun kafin zuwan boko: mai hali ya ba malami zaure, ya ciyar da almajirai, ya sayi takarda da littattafai. Kyauta ce ta mutum ga maƙwabtansa, yana ganin yaran kullum safiya, in rufin ya yi yoyo shi ne zai fara sani.

Amma a lura da wani abu. Makarantar boko ta fari a Kano, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, da waɗanda suka biyo baya a cikin birni irin su Shahuci, ba kamfanin gyaɗa ya riƙe su ba. Kuɗin hukuma ne ya riƙe su, watau haraji da jangali. Daga 1949 kuma aka kafa hukumar sayen gyaɗa, wadda takan saya daga manomi a ƙasa da farashin kasuwar duniya, ta ajiye rarar. Bayan 1954 rarar nan ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa, aka yi ayyukan raya ƙasa da ita. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Tsofaffin da ke cikinmu sun tuna da dalar gyaɗa. Su gaya wa matasa cewa manomi ya daɗe yana biya wa ƙasar nan kuɗin makaranta, ko da yake ba a rubuta sunansa a jikin bango ba.

Na dage a kan wannan domin kada mu je gaban kamfani kamar masu bara. Ribar mai sukari da mai siminti da mai katin waya daga aljihunmu take fitowa.

INA KYAUTAR TA SAUKA?

Aliko Dangote, wanda aka haifa a Kano a 1957, tattaɓa-kunnen Alhassan Dantata ne ta wajen uwa. Ya kafa gidauniyarsa a 1994. A 2018 gidauniyar ta miƙa wa Jami'ar Bayero ginin makarantar koyon kasuwanci na naira biliyan 1.2. A 2022 gwamnatin jiha ta sa wa jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil sunansa. A Disamba 2025 kuma gidauniyar ta ba da sanarwar shirin tallafin karatu na naira biliyan 100 kowace shekara har shekara goma, yawancinsa domin ɗaliban manyan makarantu da na koyon sana'a da 'yan mata na sakandare. Abdul Samad Rabiu, mai kamfanin BUA, ɗan Halifa Isyaku Rabiu, shi ma ɗan birni ne. A 2021 ya buɗe tasa gidauniyar mai suna ASR Africa, ya ba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya naira biliyan 1.

Waɗannan ayyuka ne na gaske, 'ya'yan talakawa suna cin moriyarsu, babu mai hankalin da zai raina su. Amma ku dubi inda mafi girmansu suka sauka: jami'a. Firamaren da ke cikin lungu, inda aji guda yakan ɗauki yara fiye da ɗari, wasu a zaune a ƙasa, ba ta cika shiga labari ba. Har a watan Yuni 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano saboda lalacewar makarantun gwamnati. Wannan a jihar da ta haifi manyan masu kuɗin ƙasar nan ke nan.

Me ya sa haka? Ba mugunta ba ce. Jami'a tana da shugaba mai ofis da magatakarda, ya iya rubuta takarda, ya bi ta, ya kawo zanen gini da kiyasin kuɗi. Tana da fili. Tana da ma'aikatan da za su kula da ginin bayan an tafi. Kamfani kuma yana son aikin da za a gani, a ɗauki hoto, a yanke ƙyalle. Hedimastan firamare ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, a cikin birni ma ko filin ƙara aji babu, gidaje sun matse makaranta ta kowane gefe. Kyauta takan bi inda aka shirya mata wurin sauka, kamar ruwan sama da kunya.

Akwai kuma kuɗin da ba kyauta ba ne, doka ce ta sa kamfanoni su biya. Bayan yajin aikin malaman jami'a na 1992, lokacin da Attahiru Jega na Jami'ar Bayero yake shugabancin ƙungiyarsu, gwamnati ta kafa harajin ilimi a 1993: kashi 2 cikin 100 na ribar kamfani. Da fari rabin kuɗin na manyan makarantu ne, rabi na firamare da sakandare. A 2011 aka sāke dokar, asusun ya zama TETFund, aka cire firamare da sakandare ɗungum. An ɗaga harajin ya kai kashi 3 a 2023, daga Janairu 2026 kuma sabuwar dokar haraji ta haɗa shi da wasu ƙananan haraji ya zama guda ɗaya na kashi 4. Saboda haka wanda ya ce muku kamfanoni suna biyan harajin ilimi, gaskiya ya faɗa, sai dai tun 2011 ba makarantar garinku aka nufa da shi ba.

SAI MAGANAR KWAMFUTA

Kamfanonin wayar salula sun fara aiki a Nijeriya a 2001. MTN ya kafa gidauniya a 2004, yana ware mata har kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan haraji. Cikin ayyukanta na fari akwai kai ɗakin kwamfuta makarantun sakandare na gwamnati a jihohi da dama, da janareta da intanet. Hukumar sadarwa ta ƙasa kuma tana da asusun da ake kira USPF, wanda ake tara shi daga kuɗin da kamfanonin waya suke biya, shi ma yana kai wa makarantu kwamfuta. A 2021 Airtel ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da UNICEF ta dala miliyan 57 a ƙasashe 13, har da Nijeriya da Nijar, domin sada makarantu da intanet da buɗe wasu shafukan karatu ba tare da cin kuɗin data ba. A Maris 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe shafin darussa mai suna Nigeria Learning Passport, akwai darussa a cikinsa da Turanci da Hausa. Wanda yake da babbar waya a ƙungiya ya gwada buɗe shi, ya gaya wa sauran abin da ya gani, ya kuma tambayi kamfanin layinsa ko zai ci masa kuɗi.

To, me yakan faru bayan an yanke ƙyalle?

Kun san labarin famfon tuƙa-tuƙa da aka haƙa mana kyauta. Shekarar fari kowa yana murna. Shekara ta biyu roba guda ta cinye a ciki, ba wanda ya san inda ake sayar da ita, ba wanda aka ɗora wa alhakin tara kuɗin, mata suka koma rafi. Kwamfuta ta fi famfo saurin mutuwa. A yawon aikina na shiga makarantu fiye da ɗaya inda aka buɗe mini ɗaki da ƙyar, domin mai riƙe da mabuɗi ba ya nan. Na'urori a jere an lulluɓe su da leda, ƙurar hunturu ta yi kauri a kai, janareta ba mai, kuɗin intanet ya ƙare tun shekarar fari. Hedimasta yana tsoron a bar yara su taɓa, kada wani abu ya lalace a ce shi zai biya. Kayan suna nan lafiya lau, ba su koya wa kowa kome ba.

Ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A 2007 wata ƙungiya ta Amurka, wadda manyan kamfanoni irin su Google suka tallafa wa, ta raba ƙananan kwamfutoci ga yaran firamaren Galadima kusa da Abuja, da nufin kowane yaro ya sami tasa. An yi ta maganar gwamnati za ta sayi miliyan ɗaya. Ba a saya ba, shirin ya tsaya. Ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu, ita ta saya da gaske, fiye da dubu 800. A 2012 wani bankin raya ƙasashen yankin ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun karkara 319: yara sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da karatu bai ƙaru ba. An raba kaya, ba a shirya malamai ba.

Ga wanda ya yi makarantar horon malamai wannan ba abin mamaki ba ne. Allo ba ya koyarwa, littafi ba ya koyarwa, kwamfuta ma haka. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, in ka ajiye shi gaban na'ura, hotuna zai kalla. Ku tuna 2020, sa'ad da aka rufe makarantu wata da watanni saboda cutar korona. Abin da ya kai ga yaran cikin birni da na ƙauye shi ne darussan rediyo, domin rediyo yana kowane gida, batirinsa kuma ba shi da tsada. A ganina, in makarantarku ba rufi, ba benci, malami ɗaya ne ga aji uku, to kada takardarku ta fari ta roƙi kwamfuta. Ku roƙi kwano da katako.

Amma kada mu wuce gona da iri mu ce ba mu bukatarta. Jarrabawar nan tana jiran yaranmu. Abin da ake bukata ƙarami ne: na'ura huɗu ko biyar masu aiki, da mutum ɗaya da ya iya, da lokaci tsayayye. Yaron aji shida na sakandare in ya sami awa biyu a mako har wata uku, hannunsa zai saba.

LISSAFIN DA ZA MU YI KAFIN MU CE NA GODE

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kafin ƙungiya ta karɓi kaya, ta san abin da za su ci mata.

Mu fara da wuta. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan ci wajen wat 50, babbar ta kan tebur kuwa ninki uku ko fiye. Na'ura biyar, wat 250 ke nan. In suka yi awa huɗu a yini, an sha 1,000. Faifan hasken rana mai wat 300, a irin ranar ƙasar Kano, yakan ba da wajen 1,200 a yini bayan an cire asara. Watau faifai ɗaya ya isa da ƙyar, biyu sun wadatar har da fitila da cajin waya. In kuwa kamfani ya kawo manyan na'urori ashirin da na'urar sanyaya ɗaki, to ya kawo muku abin da sai janareta, janareta kuwa kullum sai ya sha mai. Da hunturu tilas a goge faifan da tsumma mai laushi, gama ƙura tana rage ƙarfinsa ƙwarai. Batiri irin na ruwa, a zafinmu, shekara biyu ko uku yake yi. Daga ranar da aka kafa shi ya kamata a fara ajiye kuɗin magajinsa.

Ban sa farashi da naira ba, domin kafin takardar nan ta iso gare ku ya sāke. Ku yi lissafin da hatsi. Ƙungiya mai mutum arba'in, in kowa ya kawo tiya ɗaya da kaka, buhu ɗaya ke nan. In tiya uku ce, buhu uku. A zuba a rumbun ƙungiya a ajiye sai bazara, lokacin da farashi ya tashi, a sayar, ma'aji ya rubuta a shafi dabam, kada ya haɗa da kuɗin taki. Ku aika a tambayo kuɗin batiri da alawus ɗin mai koyarwa na shekara, ku gani ko buhu nawa ne. In lissafin ya fi ƙarfinku, ku roƙi kaya kaɗan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gyara kuma fa? A nan mutanen birni sun fi mu sa'a. Samari da yawa daga unguwannin cikin ganuwa suna gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Farm Centre da titin Beirut, yawancinsu a wurin maigida suka koya, ba a aji ba. Ku roƙi irin na'urar da waɗannan yara suka saba buɗewa, wadda kayan gyaranta suke kasuwa. Na'ura ta musamman wadda sai an aika Ikko, ranar da ta tsaya ta tsaya ke nan. In da hali, ƙungiya ta tura yaro ɗaya ya yi rani a wurin mai gyara.

Sa'an nan a rubuta kome a takarda, wakilin kamfani ya sa hannu, hedimasta ya sa, shugaban ƙungiya ya sa, dagaci ya shaida. Kayan na wane ne bayan an miƙa? Intanet na wata nawa aka biya, nawa ne kuma ci gaba da shi? Wa zai horar da malami, kwana nawa, in aka yi masa canjin wurin aiki wa zai maye gurbinsa? In yaro ya fasa gilashi bisa kuskure, daga asusu za a gyara, ba daga albashin hedimasta ba. Wannan layi ɗaya shi ne yake buɗe ɗakin da aka kulle.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, mutanenmu kuma sukan ji kunyar yinta: me kamfanin yake so? In allon suna ne a bakin hanya, ba laifi. In sunayen iyaye ne da lambobin wayarsu, a tambaya me za a yi da su. In kuwa sharaɗin shi ne ku sayi irinsa da takinsa kaɗai, ko ku sayar masa da shinkafarku a farashin da ya yanka, ko a ba shi wani yanki na fadama, to wannan ciniki ne, a zauna a yi shi a matsayin ciniki. Kada a sa hannu a takardar fili ranar bikin buɗe aji.

WA ZA MU TUNKARA?

Ba lalle ne sai Dangote ba. Takardar ƙauye da wuya ta wuce ƙofar babban ofis. Ku dubi wanda yake cin abinci a ƙasarku: mai injin casar shinkafa, dillalin taki, bankin da ƙungiya take ajiya, kamfanin da ya kafa ƙarfen sabis a bayan gari, mai fasa dutse. Game da na ƙarshen nan akwai doka a bayanku. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk mai lasisin haƙar ma'adinai ko fasa dutse tilas ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, ta ambaci tallafin karatu da koyon sana'a, ta kuma ce a sāke duba yarjejeniyar kowace shekara biyar. In akwai irin wannan kamfani kusa da ku, ku tambayi dagaci ina takardar take, wa ya sa hannu.

Kada ƙungiya ta tafi ita kaɗai. Makarantar gwamnati ta kowa ce, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, kuma tana da kwamitin kula da ita, wanda ake kira SBMC, inda iyaye da malamai da mata da masu unguwa suke da kujera. Ta hannunsa takarda za ta bi, da sanin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Takardar ta zama gajeriya, shafi ɗaya: yawan yara, abin da ake roƙo daidai, abin da gari ya riga ya yi da kansa, da sunan wanda zai riƙe mabuɗi. Wakilin kamfani da ya ga an riga an buga bulo an tada ɗaki da aikin gayya, an sa ƙofar ƙarfe, ya fi saurin amsawa, domin shi ma yana da na gaba da shi da zai tambaye shi inda kuɗin ya tafi.

A tsara lokaci kuma yadda 'yan mata za su samu. In aka sa darasin da dare saboda sanyi, samari kaɗai za su zo. A ba 'yan mata ranakunsu da la'asar, wata uwa daga ƙungiyar mata ta zauna da su.

AIKI KAFIN TARO NA GABA

Ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je makarantar da yaranku suke zuwa a ranar aiki, su gai da hedimasta, su roƙi izini. Su ƙirga ajujuwa masu rufi, da benci, da malaman da suka zo ran nan, da yaran da za su rubuta JAMB bana. In akwai ɗakin kwamfuta, su roƙa a buɗe, a kunna kowace na'ura a gabansu, su rubuta nawa suka tashi. Magatakarda ya aiko mana da lissafin tare da rahoton wata.